Janar Washington, bayi da bindiga: yadda yaƙin 'yancin Amurka ya yi da baƙar fata

Yaƙin nan da Amurkawa ke kira yaƙin neman 'yancin kai, wanda aka yi harbin farko a Afrilun 1775 aka sa hannu a sulhu a 1783, in ana ba da labarinsa ɓangare biyu kawai ake nuna maka, ga sojan Ingila masu jan kaya ga manoman Amurka da haraji ya ishe su. Toh amma akwai mutane na uku a cikin rigimar kuma ba 'yan kaɗan bane. A lokacin duka mutanen yankuna 13 na Amurka da suka yi wa Ingila tawaye wajen miliyan 2.5 ne, a ciki kusan 500,000 bayi ne baƙar fata, kaga kenan duk mutum biyar ɗaya bawa ne. A Bajiniya sun kai kusan kashi 40 cikin ɗari, a Karolina ta Kudu kuwa sun ma fi Turawan yawa. Su ke noman taba, su ke noman shinkafa da baba, wato su ne dukiyar da ake yaƙin da ita. Dan haka duk wani kwamanda da ya riƙe runduna a wannan yaƙi, na Ingila ne ko na Amurka, sai da tambayar nan ta tsaya masa a gaba: a ba bawa bindiga ko kar a ba shi? Kuma in ka bi amsoshin da suka bayar ɗaya bayan ɗaya za ka ga da wuya ka samu inda tausayi ko aƙida ta yanke hukuncin, ƙarancin soja ne ke yankewa, sai kuma tsoro.

Shi kansa George Washington da aka naɗa babban kwamanda a Yunin 1775 a gidan masu bayi ya tashi. Yana ɗan shekara 11 ubansa ya rasu ya gaji bayi 10, da ya auri Martha a 1759 ta shigo masa da wasu masu yawa na gadon mijinta na farko, shi ma ya yi ta saye yana zubawa a gandunsa na Mount Vernon. A 1766 wani bawansa mai suna Tom ya yi yunƙurin gudu, sai ya sa aka ɗora shi a jirgi aka kai shi tsibiran Karibiyan a sayar, ya ce a kawo masa ruwan rake da barasa da lemun tsami a madadin kuɗin. Kuma ba wai bai san me bauta take nufi ba ne, ya sani sarai, dan a wata wasiƙa da ya rubuta a 1774 cewa ya yi in ba su tashi tsaye ba Ingila za ta mayar da su bayi ƙasƙantattu kamar baƙaƙen da su ke mulka yadda suka ga dama. Da bakinsa ya faɗa.

Da ya isa Cambridge kusa da Boston a Yulin 1775 dan karɓar rundunar, sai ya tarar da baƙar fata a ciki riƙe da bindiga kafaɗa da kafaɗa da Turawa, wasu ma sun riga sun yi faɗa a Lexington da Bunker Hill, irin su Peter Salem da Salem Poor wanda hafsoshi 14 suka rubuta takarda suna yabon jarumtarsa. A arewacin ƙasar bayi ba su da yawa shi yasa abin bai tayar wa mutane hankali sosai ba, amma ga mutumin Bajiniya wannan ba ƙaramin abu bane. Kwana kaɗan da zuwansa umarni ya fito daga hedikwata cewa masu ɗaukar kurata kar su ɗauki baƙar fata. A Oktoba manyan hafsoshi suka zauna, baki ɗaya suka ce ba bawa, kuma mafi rinjaye suka ce har baƙin da yake ɗa ma ba a so. A Nuwamba aka sake nanata dokar.

A daidai wannan watan ne gwamnan Ingila na Bajiniya, Lord Dunmore, ya jefo abin da ya rikita lissafin. Shi wannan bawan Allah tun watan Yuni ya tsere daga fadarsa a Williamsburg ya koma zama cikin jirgin ruwan yaƙi, sojan da ke hannunsa 'yan ɗaruruwa ne, gwamna ne amma ba ƙasa. Ran 7 ga Nuwamban 1775 ya sa hannu a wata shela cewa duk bawan da ubangidansa ɗan tawaye ne, in zai iya ɗaukar makami kuma ya zo ya shiga rundunar sarki, toh ya zama ɗa. A lura da sharuɗɗan nan da kyau. Bawan mai goyon bayan sarki ba ya ciki, kuma shi Dunmore ɗin ma yana da bayinsa. Dabara ce ta yaƙi, a samu soja, a kashe wa abokan gaba noma, a kuma sa kowane mai gandu ya kasa barin gidansa ya tafi fagen daga saboda fargabar abin da zai faru a bayansa.

Amma su bayin ba su tsaya binciken zuciyar Dunmore ba, ƙofa suka gani a buɗe. Suka dinga satar kwale-kwale da daddare suna bin koguna zuwa inda jiragen suke, maza da mata har da masu goyo duk da shelar maza ta kira. Cikin 'yan makonni ya haɗa bataliya ta wajen mutum 300 ya sa mata suna bataliyar Habasha. Majalisar Bajiniya ta fito ta ce duk wanda bai dawo cikin kwana 10 ba hukuncinsa kisa ne, aka ƙara sintiri a bakin koguna, amma ba su fasa ba. Sai dai abin bai yi musu kyau ba. Ran 9 ga Disamba aka ci Dunmore da yaƙi a Great Bridge, suka koma cunkushe cikin jirage, sai ga agana da zazzaɓi. A tsibirin Gwynn inda suka yi sansani a 1776 mutuwa aka dinga yi kullum, sojan Amurka da suka shiga wurin bayan an tashi sun tarar da gawarwaki a fili ba a binne ba da wasu masu sauran numfashi suna jan jiki zuwa bakin ruwa. 'Yan ɗaruruwa ne kawai suka bi Dunmore zuwa New York a watan Agusta.

Washington ya tsorata da shelar nan ba kaɗan ba. Ya rubuta cewa in ba a murƙushe mutumin nan kafin bazara ba zai zama abokin gaba mafi hatsari, ƙarfinsa zai yi ta ƙaruwa. Ga kuma wa'adin sojojinsa na ƙarewa a ƙarshen shekara kowa na haɗa kayansa zai tafi gida. Shine a ƙarshen Disamban 1775 ya janye rabin dokar, ya ce baƙaƙen da suke 'ya'ya za a iya ɗaukarsu, kuma dalilin da ya ba majalisar tarayya a fili yake: in an kore su za su iya komawa wajen Ingila. Wata biyu kacal tsakanin hani da halattawa, kuma abin da ya canja a tsakani ba ra'ayinsa kan baƙar fata bane.

Ga Bahaushe mai bin tarihi wannan tsoron zai iya zama abin mamaki, dan a masarautunmu na ƙarni na 19 bayin sarki ne ma ke riƙe da bindigogi, a Kano ga Shamaki ga Ɗan Rimi ga Sallama duk bayi ne masu faɗa a ji a fada da wajen yaƙi. Bauta ce dai ita ma da zaluncinta, amma a Amurka an gina ta ne kacokan a kan launin fata, dan haka ranar da baƙi ya tsaya a sahu ya yi harbi kamar kowa hujjar riƙe ɗan'uwansa a gandu ta raunana, kuma masu gandun sun san haka. Ita kuma dabarar Dunmore Ingila ba ta yar da ita ba, dan a Legas a 1863 da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu, yawancinsu Hausawa, wani hafsan Ingila mai suna John Glover ya kafa 'yar rundunar da sojan Najeriya ke ƙirga asalinsu daga gare ta.

Mu koma can. Hunturun 1777 zuwa 1778 a sansanin Valley Forge rundunar Washington ta ga tasku, cikin wajen mutum 12,000 kusan 2,000 cuta da yunwa da sanyi suka kashe. Ƙaramar jihar Rhode Island ta kasa cika adadin sojan da aka yanka mata, sai Janar James Varnum ya kawo shawarar a ɗauki bayi. Washington ya tura wa gwamnan jihar takardar, bai ce ya yarda ba bai ce ya ƙi ba, wanda a wajensa hakan ma babban sauyi ne. A Fabrairun 1778 majalisar jihar ta yi doka: bawan da ya shiga soja ya zama ɗa nan take, ubangidansa kuma gwamnati za ta biya shi diyya har fam 120. Kaga ko a nan mai bawan ne ya karɓi kuɗi, shi bawan da jininsa zai biya. Masu bayi suka yi ta ƙorafi har aka rufe ƙofar bayan wata huɗu, amma kafin nan mutum kusan 90 sun shige, kuma bataliyar ta yi faɗa mai tsanani a Agustan 1778 ta kuma kai har Yorktown inda aka yi babban faɗan ƙarshe. Wani ƙidaya da aka yi a rundunar a wannan watan na Agusta ya nuna baƙar fata 755 warwatse cikin bataliyoyi daban-daban, ban da na Rhode Island ɗin. Masana tarihi na ƙiyasta wajen 5,000 ne suka yi wa Amurka yaƙi gaba ɗaya, waɗanda suka gudu wajen Ingila kuwa ana sa su kusan 20,000.

Inda maganar ta fi zafi shine kudu, kuma a nan ne nake ganin asirin kowa ya tonu. A ƙarshen 1778 Ingila ta juya yaƙin zuwa can, ta kama garin Savannah na Jojiya ran 29 ga Disamba, kuma wani bawa ne mai suna Quamino Dolly ya nuna musu wata ɓoyayyar hanya ta cikin fadama suka zagayo ta bayan sojan Amurka. Karolina ta Kudu ta aika wa majalisar tarayya cewa ba ta iya fitar da 'yan sa-kai dan dole maza su zauna gida gadin bayi. Toh akwai wani matashin hafsa a ofishin Washington, John Laurens, ɗan Henry Laurens wanda yana cikin manyan dillalan bayi na Charleston, mutumin da jiragen bayi daga tsibirin Bunce na Saliyo ke sauke masa kaya. Shi wannan yaron ya tashi cikin kuɗin bayi amma ya tsani abin da gaske, har ya roƙi ubansa ya ba shi gadonsa na bayi tun yanzu ya mayar da su soja ya 'yanta su. A Maris 1779 majalisar tarayya ta amince da shirinsa: a ɗauki bayi 3,000 daga Karolina ta Kudu da Jojiya, a biya masu su har dala 1,000 kan kowane mutum, bayan yaƙi a 'yanta su a ba kowa dala 50. Amma sai jihohin sun yarda.

Ba su yarda ba. Suka yi fatali da shi cikin fushi, wasu manyansu ma har suka fara maganar gara jihar ta zare hannunta daga yaƙin. Shi kuma Washington da ake jira ya sa baki da nauyinsa sai ya noƙe, ya rubuta wa Henry Laurens cewa in muka ba bayi makami Ingila ma za ta yi kuma ta fi mu bindigogi, sannan ya ƙara da abin da nake ganin shine ainihin damuwar, wai 'yanta wasu zai sa bautar ta ƙara yi wa waɗanda suka rage ɗaci. A Mayun 1780 Charleston ta faɗi, Janar Benjamin Lincoln ya miƙa wuya da sojoji sama da 5,000, asarar da Amurka ba ta yi irinta ba a duk yaƙin. Mutanen nan sun gwammace birninsu ya faɗa hannun abokan gaba da su ga bindiga a hannun bawansu. Janar Nathanael Greene da ya karɓi rundunar kudu daga baya, wanda soja ne na gaske mai lissafi, shi ma ya roƙe su a kan haka, Laurens ya sake kai maganar majalisar jihar a 1782, aka sake kayar da ita. A Agustan wannan shekarar aka harbe shi a wata 'yar arangama a bakin kogin Combahee yana ɗan shekara 27, yaƙin ma kusan ya ƙare.

Abin da suka zaɓa a madadin haka shi ya fi ƙona min rai. Maimakon a ba bawa bindiga sai aka mayar da shi albashin soja. A 1781 Janar Thomas Sumter ya yi shela cewa duk Baturen da ya yi wata 10 a rundunarsa za a ba shi bawa guda, kanar kuma uku da rabi, wai babba uku da yaro ɗaya, kuma daga gandayen masu goyon bayan sarki za a kwaso su. Bajiniya ma ta yi wa kurata alkawarin eka 300 ta ƙasa haɗe da lafiyayyen bawa mai shekara 10 zuwa 30, ko fam 60 na zinari ko azurfa in mutum ya fi son kuɗi. Yaƙin da aka buɗe da cewa an halicci dukkan mutane daidai ne ake biyan sojansa da mutane.

Kar kuma wani ya ɗauka Ingila ce mai ceto. A Yunin 1779 babban kwamandansu Sir Henry Clinton ya faɗaɗa shelar Dunmore ta game duk yankunan, mace ko namiji, ko ba ka ɗauki makami ba, matuƙar daga hannun ɗan tawaye ka gudo. Amma cikin takardar dai ya ce baƙin da aka kama yana yi wa Amurka yaƙi sayar da shi za a yi a raba wa sojojin da suka kama shi kuɗin. Yawancin waɗanda suka je musu ba bindiga aka ba su ba, shebur da gatari ne, haƙa ramuka, tuƙa keken doki, girki, wanki, jinya. Bayin masu goyon bayan sarki kuwa mayar musu ake yi. Rana zafi inuwa ƙuna kenan, sai dai duk da haka a lissafin bawa ɓangare ɗaya ya yi alkawari a rubuce, ɗayan kuma shine mai bulalar.

A Afrilun 1781 wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Savage ya hau kogin Potomac ya tsaya daura da Mount Vernon, mutum 17 daga bayin Washington suka gudu suka shige, maza 14 mata 3. Da rundunar janar ɗin Ingila Lord Cornwallis ta ratsa Bajiniya a wannan shekarar dubbai suka bi ta, har da bayi sama da 20 na Thomas Jefferson, wanda ya rubuta shelar 'yancin kan Amurka. Su ne suka haƙa masa ramukan kariya a Yorktown cikin zafi. Da Washington da Faransawan da ke mara wa Amurka baya suka yi wa garin ƙawanya abinci ya fara ƙarewa, aka yanka dawakai aka zubar a kogi dan ba abin ba su, sai Cornwallis ya ba da umarni a kori baƙaƙen daga cikin sansanin. Da yawansu agana ta riga ta kama su. Aka tura su fili tsakanin rundunoni biyu, gaba igwa baya igwa, kuma a gaban nan iyayengijinsu ne ke jira. Wani hafsan Jamus da ke yi wa Ingila yaƙi, Johann Ewald, ya rubuta cewa ya ci karo da su a wani sintirin dare suna ɓuya cikin daji yunwa ta gama da su, ya ce mun more su sannan mun kore su, kuma shi da kansa ya kira abin rashin imani. Sojojin Amurka ma sun ba da labarin gawarwaki ko'ina a dajin, wasu da guntun masarar da aka ƙona a hannu.

Ran 19 ga Oktoba Cornwallis ya miƙa wuya. Kwana shida bayan haka Washington ya fitar da umarni a tattara duk baƙin da aka samu a tsare su a wuri guda, a yi cigiya a jarida masu su su zo su ɗauka. Sojan da suka ci yaƙin 'yanci aikinsu na farko kenan bayan nasara. Shi ma ya samu biyu daga cikin nasa a nan, mata ne, Lucy da Esther, aka mayar da su gandu. Akwai kuma James, bawan da ya shiga sansanin Cornwallis a matsayin wanda ya gudo alhali leƙen asiri yake yi wa Janar Lafayette na Faransa. Da Bajiniya ta yi doka a 1783 ta 'yanta bayin da suka yi soja a madadin iyayengijinsu sai aka ce shi ba soja bane ɗan leƙen asiri ne, ya koma bauta, sai 1787 ya samu kansa bayan Lafayette ya rubuta masa takardar shaida.

Wajen rubuta yarjejeniyar sulhu a Faris a Nuwamban 1782, Henry Laurens ɗin nan dai, uban John, ya iso a ƙurarren lokaci ya sa aka cusa wani layi cewa sojan Ingila za su fice ba tare da sun tafi da baƙaƙe ko wata dukiyar Amurkawa ba. Wakilin Ingila da ya amince, Richard Oswald, tsohon abokin cinikinsa ne kuma yana cikin masu tsibirin Bunce. Labari ya isa New York inda dubban waɗanda suka gudu ke zaune, hankali ya tashi, masu bayi suka fara shigowa daga Bajiniya da Karolina suna damƙe mutane a kan titi har da fizgo su daga kan gado da daddare. Ran 6 ga Mayun 1783 Washington ya zauna da sabon kwamandan Ingila Sir Guy Carleton a Orangetown a bakin kogin Hudson, kuma maganar bayin nan ya fara sa wa a gaba. Carleton ya ce masa ai wasu ma sun riga sun tafi, Washington ya nuna mamakinsa a fili. Carleton ya tsaya kai da fata cewa duk wanda ya shigo hannunsu kafin sulhu bisa alkawarin janarorin sarki ya riga ya zama ɗa, ba dukiyar kowa bane, miƙa shi cin amana ne da zubar da mutuncin Ingila, in ya so daga baya a biya diyya. A duk manyan kwamandojin yaƙin nan shi kaɗai na gani ya riƙe alkawarin da aka yi wa bawa a lokacin da ba ya buƙatar komai daga gare shi, kuma ya cancanci a faɗa.

Saboda batun diyyar ya sa aka buɗe rajista, duk wanda zai hau jirgi a rubuta sunansa da shekarunsa da kamanninsa da sunan tsohon ubangidansa. Sunaye wajen 3,000 ne a ciki. Akwai Deborah, 'yar shekara 20, da zanen agana a fuska, tana cikin 17 ɗin da suka bi jirgin Savage, ita tun ƙarshen Afrilu ta tafi kafin ma a yi zaman. Akwai Harry Washington ɗan shekara 43, an rubuta a gaban sunansa cewa da mallakin Janar Washington ne, ya bar shi shekara 7 da suka wuce. Shi Harry a yankin kogin Gambiya aka haife shi, Washington ya saye shi a 1763, ya yi aikin haƙa magudanar ruwa a fadama sannan ya koma kula da dawakai, ya taɓa gudu a 1771 aka kamo shi, a 1776 ya sake gudu ya bi jiragen Dunmore har ya kai kofur. A Savannah da Charleston kuwa labarin daban ne, dubban baƙaƙen da jiragen Ingila suka kwasa yawancinsu bayin masu goyon bayan sarki ne, aka wuce da su Jamaika da Florida da Bahamas suka ci gaba da bauta.

Waɗanda aka kai Nova Scotia a Kanada sun samu 'yanci amma ba su samu ƙasar noman da aka yi musu alkawari yadda ya kamata ba, ga sanyi ga duwatsu, a 1784 ma Turawa tsofaffin soja suka far musu a Shelburne suka rushe gidajensu. Wani tsohon saje cikinsu, Thomas Peters, ya tafi har Landan ya kai kuka, shine a Janairun 1792 kusan mutum 1,200 suka tashi daga Halifax a jirage 15 zuwa Saliyo suka kafa Freetown. Harry na ciki. A can ma kamfanin Turawan da ke mulkin garin ya ɗora musu harajin ƙasa, a 1800 suka yi bore suna neman su mulki kansu, aka murƙushe su, aka kori Harry da wasu zuwa gaɓar Bullom a tsallaken kogi.

A Amurka kuwa yaƙin ya ɗan girgiza bauta a arewa, Pennsylvania ta yi dokar 'yantawa sannu a hankali a 1780, kotunan Massachusetts suka kashe ta a 1783, New York sai 1799. A kudu ƙara kafuwa ta yi. Tsarin mulkin 1787 ya ƙirga bawa a matsayin uku bisa biyar na mutum wajen rabon kujerun majalisa, ya hana a taɓa fataucin bayi daga Afirka kafin 1808, ƙidayar 1790 ta samu bayi kusan 700,000, sun fi na kafin yaƙi. A 1792 aka yi dokar sojan sa-kai ta ƙasa aka ce fararen fata kawai. Buƙata ta wuce, an rufe ƙofa.

Washington dai a wasiƙunsa na sirri bayan yaƙi ya sha cewa yana fatan a kawar da bauta ta hanyar doka, kuma ina ganin ganin baƙaƙen soja shekara takwas da zama da irin su Laurens da Lafayette ya taɓa shi da gaske. Amma bai taɓa fitowa bainar jama'a ya faɗa ba, alhali ba wanda maganarsa ta kai tasa nauyi a ƙasar. Yana shugaban ƙasa a Filadelfiya ta jihar Pennsylvania, inda doka ta ce bawan da ya yi wata shida a jihar zai iya neman 'yancinsa, sai ya dinga fitar da bayin gidansa daga jihar kafin wa'adin ya cika a dawo da su a sake sabon lissafi. A 1793 ya sa hannu a dokar kamo bayin da suka gudu. Da Ona Judge, baiwar da ke yi wa matarsa hidima, ta gudu a 1796 zuwa New Hampshire, ya yi amfani da jami'an gwamnati wajen nemanta, ta aiko cewa za ta dawo in za a yi mata alkawarin 'yanci daga baya, ya ƙi.

Ya rasu a Disamban 1799 akwai bayi 317 a Mount Vernon. A wasiyyarsa ya 'yanta mutum ɗaya nan take, William Lee, baransa da ya bi shi a kan doki tun farkon yaƙi har ƙarshe, da fanshon dala 30 a shekara. Sauran nasa na kansa, su 123 ne har da William ɗin, ya ce a sake su bayan rasuwar Martha, ya kuma ware kuɗin kula da tsofaffi da koya wa marayu karatu da sana'a, abin da babu wani shugaban Amurka mai bayi da yawa da ya yi irinsa. Martha ba ta jira ba ta sake su a farkon 1801, dan zama cikin mutanen da 'yancinsu ke jiran mutuwarta ya hana ta sakewa. Amma 153 na gadon mijinta na farko ne, doka ba ta ba shi ko ita ikon 'yanta su ba, kuma shekara 40 ana auratayya tsakanin ɓangarorin biyu, dan haka miji ya zama ɗa matarsa da 'ya'yansa suna bauta. Da ta rasu a 1802 aka raba su tsakanin jikokinta huɗu.